Mai Son Zama a Falo, Ya Yi Farashin Falo

Ranar 12 ga watan Nuwamba na 2025 kamfanin Valve na ƙasar Amurka ya fito da hoton wata ƴar baƙar na'ura mai siffar akwati, ya ce sunanta Steam Machine. Tun a daren ƙanena da ke karatu a Faransa ya hana wayata hutawa. "Yaya, an gama da PlayStation," in ji shi. Na tambaye shi nawa za a sayar da ita. Ya ce ba a faɗi kuɗin ba tukuna, amma ai kuɗi ba shi ne magana ba, ƙarfinta shi ne magana. Na ce masa, "Kai yaro, duk wanda ka ji ya ce kuɗi ba shi ne magana ba, to wani ke biya masa."

Bayan kwana biyu na kai wa wani abokina bidiyon tallar. Shagon wasan gem gare shi a unguwarmu, talabijin huɗu da PlayStation huɗu, yara na biya suna buga ƙwallo daga la'asar har dare. Ya kalli tallar har ƙarshe bai ce uffan ba. Da ya miƙo mini wayar sai ya yi tambaya biyu: "Malam, tana yin ƙwallo? Kuma nawa take?" Na sha karanta muhawarar masana a kan wannan na'ura, amma har yau ban ga wanda ya yi tambayar da ta fi waɗannan biyun ba. A kansu zan yi magana, musamman ta biyun.

Bari in fara da bayanin abin, saboda wanda bai bi labarin ba. Valve shi ne mai Steam, babbar kasuwar sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, wadda ya buɗe a 2003. Steam Machine cikakkiyar kwamfuta ce da aka matse cikin akwatin da kowane gefensa bai wuce santimita 15 zuwa 16 ba. An yi ta ne don a ajiye ta ƙarƙashin talabijin, mutum ya zauna a kujera ko kan tabarma ya yi wasa da hannun wasa, ba tebur ba linzami. Kayan cikinta na kamfanin AMD ne, tana da RAM gigabait 16, da wata gigabait 8 da aka ware wa zana hoto, ma'ajiyarta kuwa ko gigabait 512 ko terabait 2. Valve ya ce ta ninka ƙarfin Steam Deck, na'urarsa ta riƙewa a hannu, fiye da sau shida. Babbar manhajar da ke tuƙa ta ita ce SteamOS, wadda aka gina a kan Linux.

Ina so a sani tun yanzu cewa ina son abin nan ya yi nasara. PlayStation da Xbox da Nintendo gidaje ne masu katanga. Mai gidan ke faɗa maka wasan da zai shigo, da kantin da za ka saye shi, da kuɗin shekarar da za ka biya kafin ka kara da wani ta intanet. Kwamfuta kuwa in ka saya ta zama taka. Ka sa mata manhajar da ka ga dama, ka sayi wasa a kantin da ya fi araha, da safe yaron gida ya rubuta aikin makaranta a kanta, da dare ya yi wasa. In irin wannan na'ura ta sami gindin zama a falo, masu katanga za su shiga taitayinsu. Saboda haka fushin da za ka gani a wannan rubutu na mai ƙauna ne da ya ga ana shirin maimaita kuskure.

Ga kuskuren. Ranar da aka nuna na'urar ba a faɗi farashi ba. Da aka matsa da tambaya, Pierre-Loup Griffais, ɗaya daga cikin injiniyoyin da ke jan ragamar aikin, ya bayyana a wata hira cewa ba za a sayar da ita a kan faɗuwa ba, farashinta zai yi kusa da abin da mutum zai kashe in ya haɗa kwamfuta mai irin wannan ƙarfi da kansa. Nan take masoyan kamfanin suka kama kare shi. Suka ce ai gaskiya ne, kwamfuta ce, to a gwada ta da kwamfuta, a daina gwada ta da PlayStation.

Wannan magana ita nake ja da ita. Mai kaya ba shi ke zaɓa wa kayansa abokin gwadawa ba, mai saye ke zaɓa. In ka shimfiɗa tumatirinka a layin ƴan tumatir, da na maƙwabcinka za a gwada shi, ko ka rantse naka daga lambun sarki ya fito. Wurin da ke ƙarƙashin talabijin layin PlayStation ne, shekara talatin ke nan tana zaune a wurin. Uban da ya shiga kanti zai saya wa ƴaƴansa abin wasa ba zai buɗe akwati ya ƙirga kayan ciki ba. Zai ga akwati biyu, duka ana haɗa su da talabijin, duka ana wasa da su da hannu, sai ya dubi takardar farashi. Valve da kansa ya zaɓi wannan layi. Shi ya ƙanƙanta na'urar, ya sa ta iya kunna talabijin da kanta, ya sa hannun wasa na iya tayar da ita daga barci. Ba za ka yi wa kayanka shigar ƴan falo ba, sannan ranar ciniki ka ce a yi maka kuɗin ofis.

Sai mu duba yadda ake yanka farashi a wannan layin. Masu na'urorin falo ba daga akwatin suke cin riba ba. Akwatin tarko ne. Sukan sayar da shi a kan kuɗin ƙera shi, wani lokaci ƙasa da haka, sannan su mayar da kuɗinsu daga kason da suke cira a kan kowane wasa, wanda yawanci kashi 30 ne cikin ɗari, da kuɗin rajistar shekara, da kayan haɗi. Wannan ba zargi ba ne. A shari'ar da aka yi tsakanin Epic da Apple a 2021, wata jami'ar Microsoft ta shaida wa kotu cewa kamfanin bai taɓa cin riba daga sayar da akwatin Xbox ba. A 2022 Phil Spencer, shugaban sashen Xbox a lokacin, ya ce suna yin asarar dala 100 zuwa 200 a kan kowane akwati. Dalar Amurka nake nufi a duk wannan rubutu, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Wanda ya shigo wannan layi ya ce shi sai ya ci riba a kan akwati, ya shiga kokawa da hannu ɗaya a ɗaure.

Tarihin wannan kasuwa kuwa bai ɓoye darasinsa ba. A 1993 Trip Hawkins, wanda ya kafa kamfanin EA, ya fito da wata dabara mai suna 3DO. Ya ce shi zai tsara na'urar, wasu kamfanoni irin su Panasonic su ƙera su sayar. Da yake masu ƙerawar ba su da rabo a kuɗin wasanni, dole su ci ribarsu a kan akwatin. Aka fito da ita a kan dala 699. Na'ura ce mai ƙarfi a zamaninta, amma cikin shekara uku ta zama labari. A 1995, a babban baje-kolin wasanni na Los Angeles, Sega ya sanar da Saturn a kan dala 399. Da aka kira Steve Race na Sony ya yi jawabi, sai ya hau mumbari ya faɗi lamba guda, 299, ya sauka. PlayStation ta farko ta wuce miliyan 100 a kasuwa, Saturn ko miliyan 10 ba ta kai ba.

Shi kansa Sony ya taɓa mantawa. A 2006 ya fito da PlayStation 3 a kan dala 499 da 599, alhali Xbox 360 tana 299 da 399, Wii ta Nintendo kuma tana 249. Ya sha wuya shekaru kafin ya farfaɗo, kuma sai da ya karya farashi. A 2013 abin ya juya: Microsoft ya sa Xbox One a 499 saboda ya cusa wa mutane kyamarar Kinect, Sony ya sa PlayStation 4 a 399. Kafin shekara ta zagayo Microsoft ya cire kyamarar ya sauko 399, amma an riga an yi masa nisa, har ƙarshen wannan zango bai kamo ba. Dala 100 kacal ta raba su a ranar farko. Wannan ita ce kasuwar da ake gaya mana wai farashi ba shi ne magana a cikinta ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Valve ba baƙo ba ne a wannan faɗuwa. Sunan nan Steam Machine ba sabo ba ne. A 2013 ya sanar da shi, a Nuwamban 2015 na'urorin suka shiga kasuwa, kuma dabarar 3DO ya ɗauko kusan ba canji: shi ya ba da manhaja, kamfanoni irin su Alienware da Zotac suka ƙera akwatunan, kowa ya ɗora ribarsa. Mafi araha ta Alienware ta fara daga dala 449, wasu sun haura dubu. A daidai lokacin PlayStation 4 tana 349. Bayan wata bakwai, lissafin da Valve ya fitar ya nuna ba a sayar da ko rabin miliyan ba, alhali PlayStation 4 ta sayar da miliyan guda a kwananta na farko. A 2018 Valve ya cire su daga gaban kantinsa a hankali, kamar mai kawar da kwanon da ya fashe kafin baƙi su gani. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi wannan ya ga macijin da kansa, yana miƙa masa hannu.

Zan yi wa Valve adalci. Faɗuwar 2015 ba farashi kaɗai ya jawo ta ba. A lokacin yawancin wasanni ba sa tashi a kan Linux, mutum ya sayi akwati mai tsada ya tarar rumbun wasanninsa rabi a kulle. Kamfanin ya zauna ya gyara wannan. A 2018 ya fito da Proton, wata manhaja da ke yi wa wasannin Windows tafinta su yi aiki a kan Linux, kuma yau dubban wasanni na tashi lafiya. Aiki ne na shekaru, ya cancanci yabo. To amma an gyara ƙafa ɗaya ke nan. In aka bar ɗayar yadda take, gurgu dai gurgu ne.

Masu kare Valve suna da hujjoji, kuma ba zan yi kamar ban ji su ba. Ta farko, wadda ta fi ƙarfi, ita ce: Sony na iya sayar da akwati a kan faɗuwa ne saboda akwatin a kulle yake, wanda ya saya dole ya dawo kantin Sony. Kwamfuta a buɗe take. In ka karya mata farashi, ofisoshi da ƴan kasuwa za su kwashe ta dubu-dubu su yi aikinsu da ita, ba za su sayi wasa ko ɗaya ba, asara ta zauna a wuyanka. Wannan ba tatsuniya ba ce, ta faru. PlayStation 3 ta farko tana karɓar Linux, sai ga rundunar sojan sama ta Amurka ta haɗa guda 1,760 a 2010 ta yi babbar kwamfutar bincike da su, don sun fi komai araha. A wannan shekarar ce kuma Sony ya toshe ƙofar Linux ɗin.

Na ji. Amma wa ya riga ya karya wannan hujja? Valve da kansa. Steam Deck ma ai kwamfuta ce a buɗe, kana iya sa mata Windows in ka so. Da ta fito a Fabrairun 2022 an sa ƙaramarta a dala 399, kuma Gabe Newell, mai kamfanin, ya faɗa da bakinsa cewa kaiwa wannan farashi ya yi musu ciwo, amma ya zama dole. Ofisoshi ba su kwashe ta ba. Dalili kuwa, Valve ba ta kantin kowa yake sayarwa ba, ta asusunka na Steam yake sayar maka. A lokacin rijistar Steam Deck guda ɗaya aka ba kowane mutum, kuma a kwana biyun farko sai wanda asusunsa ya taɓa sayen wani abu tun kafin sanarwar. Kamfanin da ya san ranar da ka buɗe asusu, da wasannin da ka saya, da awannin da ka kashe a kowanne, ba zai zo ya ce mana ya kasa bambance ɗan wasa da ɗan kwangila ba. Kuma sakamakon yana nan a fili: Steam Deck ita ce na'urar Valve da ta fi kowace karɓuwa, ita ce kuma wadda aka ji ciwon farashinta.

Sannan kada a manta da wanda ake magana a kai. Valve ba ɗan tireda ba ne da ke haɗa kwamfuta a rumfa yana neman na cefane. Kaso 30 ɗin nan da Sony ke cira, shi ma Valve shi yake cira a kan yawancin wasannin da ke Steam, yakan sauko zuwa 25 ko 20 ne kawai ga wasan da cinikinsa ya wuce miliyoyin daloli. Na'urar in ka kunna ta, kantin Steam take fara nuna maka. Kamfanin ba ya kasuwar hannun jari balle masu jari su tsaya masa a wuya duk wata uku, ma'aikatansa kuma ƴan ɗaruruwa ne. Duk cikin masu ƙera ƙananan kwamfutocin wasa, shi kaɗai ke da rijiyar da zai mayar da ruwan da ya zubar. ASUS ko Minisforum in sun tsawwala farashi ina fahimtarsu, don daga ranar da ka fita da akwatin sun gama cin abin da za su ci a jikinka. Valve kuwa ranar ce yake fara ci. In ya ce ba zai yi tallafi ba, zaɓi ne ya yi, kada a kira shi dole.

Hujja ta biyu ita ce ta ƙanena, kuma ya turo mini ita da lissafi. Ya ce ko da ta fi PlayStation tsada ranar saye, a tsawon shekaru ita ce mai araha. Wasa ta intanet kyauta ne a Steam, a PlayStation kuwa mafi ƙarancin rajista dala 80 ce a shekara a Amurka, shekara biyar dala 400 ke nan. Ga ragin da Steam ke yi lokaci-lokaci, ga wasannin da kantin Epic ke rabawa kyauta duk mako. Lissafin daidai ne, ban ja da shi ba. Amma lissafin wanda aljihunsa ya riga ya cika ne. Mai ɗan abin hannu a bakin ƙofa yake tsayawa: in kuɗin shiga ya fi ƙarfinsa, arahar da ke cikin ɗaki ba ta dame shi ba. Kuma ba kowa ke biyan dala 80 ɗin ba. Wasanni irin su Fortnite ba sa buƙatar rajista a PlayStation, wa da ƙane da ke buga ƙwallo a tabarma ɗaya ma ba sa buƙata. Bayan haka PlayStation mai cin faifai tana da wata araha da Steam ba ta da ita: ka sayi faifai na hannu, ka gama ka sayar, ko ka yi musaya da aboki. Wasan da ka saya a Steam ba ya sake sayuwa har abada.

Yanzu mu koma tambayar abokina ta farko. Tana yin ƙwallo? Amsar da na ba shi ba ta yi mini daɗi ba. Wasan ƙwallon kamfanin EA, wanda muka saba kira FIFA, yanzu FC, ba ya tashi a kan SteamOS, saboda manhajar kama masu maguɗi da kamfanin ya sa masa ba ta yarda da Linux. Haka Fortnite, haka Valorant, haka sababbin Call of Duty. GTA Online da Apex Legends a da suna aiki, a 2024 aka rufe musu ƙofa. Waɗannan ba wasannin gefe ba ne, su ne waɗanda miliyoyin mutane ke sayen na'ura dominsu. Masu kare Valve sai su ce ai kana iya sa mata Windows. Gaskiya ne. Amma ranar da ka sa mata Windows ka koma neman linzami da allon rubutu, ka koma fama da sabunta manhaja, sauƙin falon da ka biya kuɗi dominsa ya tafi. Wato a ce ka biya fiye da kuɗin PlayStation, ka sami na'urar da ba ta yin wasan da ya fi kowanne farin jini a falo sai ka yi mata tiyata. Kayan da ke da irin wannan giɓi ragi ake yi masa, ba ƙari ba.

To wa zai saya? Wanda ya san kwamfuta ciki da bai zai ce da wannan kuɗin gara ya haɗa tasa, ko da ta fi girma, don in shekara uku ta yi zai cire injin zana hoto ya sa sabo. A wannan ƴar akwatin ba a canza shi, kuma gigabait 8 ɗin da aka ba shi tun yanzu wasu sababbin wasanni sun fara yi masa yawa. Wanda bai san kwamfuta ba, wato uban nan da ya shiga kanti, zai ɗauki wadda ta fi araha kuma ƴaƴansa suka san sunanta. Sauran mutum ɗaya: wanda ya riga ya tara ɗaruruwan wasanni a Steam, yana da babbar kwamfuta a ɗaki, yana son ta biyu a falo. Wannan mutum yana nan, kuma zai saya ko nawa ne. Amma shi ai tuni yake cikin gida. Sayar masa da akwati bai ƙara wa buɗaɗɗiyar kwamfuta mutum ɗaya ba, bai rage wa masu katanga mutum ɗaya ba. PlayStation 5 ta wuce miliyan 80. Da masu kwamfuta biyu ba za a girgiza wannan ba.

Hujja ta uku ita ce tsadar kaya, kuma nan ma akwai gaskiya. Daga ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi. Kamfanoni uku ne ke ƙera mafi yawanta a duniya, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka, kuma manyan rumbunan kwamfuta na ƙirƙirarriyar basira sun zo da kuɗin da mai sayen gida ba zai iya gasa da shi ba. A Disamban 2025 Micron ya sanar zai daina sayar da kayansa na Crucial ga talakan mai saye gaba ɗaya. Wannan ruwa ya doki Valve, ba shakka. Amma ya doki kowa, Sony da Microsoft ma a wannan kasuwar suke sayen RAM. Abin da mai saye ke kallo shi ne tazarar da ke tsakanin akwati biyu, kuma tazarar tallafi ke haifar da ita.

Hasali ma, ba a taɓa buɗe wa baƙo ƙofa kamar yanzu ba. A da na'urar falo tana tsufa tana araha. PlayStation 2 ta fara da dala 299 a 2000, ta sauko 199 a 2002, ta ƙare a 99. Yanzu abin ya juya. PlayStation 5 ta fito a 499 a 2020, a Agustan 2025 ta hau 549. Xbox Series X ta tashi daga 499 zuwa 649 cikin shekarar 2025 kaɗai. PlayStation 5 Pro ita ma ta kai 749 a 2025. Masu katanga sun gane ba wanda zai hana su, suna ta ƙari. Mutane sun gaji, suna waige-waige. A irin wannan rana ce mai sabon kaya ke zuwa ya faɗi lamba guda ya sauka daga mumbari. Valve kuwa ya zo da kaya, ya ɓoye lambar, ya fara ba da haƙuri tun kafin a taya.

Ba ina cewa araha kaɗai ke cin kasuwa ba. A 2013 an fito da wata ƴar akwati mai suna Ouya a kan dala 99, bayan an tara mata fiye da dala miliyan 8 daga hannun jama'a. Ta mutu, don ba ta da wasannin da za a zauna dominsu. Araha ba ta ado, in ji masu magana. Amma Valve ba shi da matsalar Ouya, rumbun wasanninsa ya fi na kowa girma. Abin da ya rage masa shi ne abin da Ouya ke da shi.

Mu nan fa, ina muka tsaya? Valve yana sayar da na'urorinsa a Amurka da Kanada da Ingila da Tarayyar Turai da Ostireliya da wasu ƙasashen Asiya. Ba ya aiko su Afirka. Wadda za ta iso gare mu sai ta biyo jakar matafiyi daga Dubai ko Faransa, ta bi ta duwan, ɗan kasuwa ya ɗora nasa, kuma in ta lalace ba wanda za ka mayar wa. Da yake sefa a ɗaure take da euro, kowane euro 100 da aka ƙara a can jika 65 ne da ƴan kai a nan, kafin a yi maganar kowa. Mu kuwa kasuwarmu ta kayan hannu ce. PlayStation ta cika shagunanmu ne saboda an sayar da ita da yawa a can, har ragowar ta gangaro mana da araha, masu gyara suka san cikinta, kayan canjinta suka wadata. Na'urar da ƴan tsiraru suka saya a can, mu sai dai mu gan ta a bidiyo. Don haka farashin da za a yanka a Bellevue, inda hedikwatar Valve take, shi zai yanke ko yaron da ke shagon abokina zai taɓa riƙe na'urar da zai iya buɗe cikinta ya koyi yadda kwamfuta ke aiki.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Ƙaramar, mai gigabait 512, a sa ta kafaɗa da kafaɗa da PlayStation 5 mai cin faifai, da hannun wasa a cikin kwali, don ba wanda ke sayen na'urar falo a ce masa hannu daban ake saye. A ci asarar a kanta, a iyakance guda ɗaya ga kowane asusu kamar yadda aka yi wa Steam Deck, babbar mai terabait 2 kuma a ɗora mata ribar da aka ga dama. Sannan a ɗauki kuɗi da lallashi a je wa masu ƙwallo da masu Fortnite, don su ma lissafi suke yi: ba za su wahalar da kansu a kan Linux ba sai sun ga miliyoyin akwatuna a falo, miliyoyin kuwa ba za su zo ba sai da farashi. In Valve ba zai yi haka ba, hakkinsa ne, kuɗinsa ne. Amma masoyansa su daina ce mana an gama da PlayStation. Su kira abin da sunansa, kwamfuta ta biyu ga mai ta farko. Kuma su sani in wannan suna ya sake faɗuwa, za a daɗe kafin wani ya ƙara yunƙurin kawo buɗaɗɗiyar na'ura falo, masu katanga kuma su ci gaba da ƙarin da suka fara.

Ƙanena har yanzu bai yarda ba, ya ce in jira in gani. Abokina mai shago kuwa, da na tashi tafiya na ce masa ranar da aka faɗi farashi zan zo in gaya masa. Ya nuna PlayStation ɗin da ke ƙarƙashin talabijin na farko, wadda yara biyu ke ta ihu a gabanta, ya ce, "Malam, in ta wuce kuɗin waccan, kada ka wahalar da ƙafarka."